Rangwamen Haraji Ga Masu Hannu Da Shuni: Nawa Ya Iso Turawa?

Ran 26 ga watan Yuni na shekarar 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokoki huɗu na haraji, aka kuma tsayar da ran 1 ga watan Janairu na 2026 ranar da babbar cikinsu za ta soma aiki. Tun daga watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka kai dokokin gaban Majalisar Tarayya, yawancin gardamar da aka yi ta tafkawa a nan Arewa ta tsaya ne a kan yadda za a raba kuɗin harajin kayan masarufi, watau VAT, tsakanin jihohi. Lalle wannan magana ce mai nauyi. To, amma ƙurar da ta tayar ta rufe wata tambaya wadda ba ta gaza ta nauyi ba, ita ce: shin idan gwamnati ta sassauta wa attajirai da manyan kamfanoni haraji, amfanin abin ya kan gangaro har ya iske talaka a ƙauyensu?

Tambayar ba ta tsufa ba, domin sabuwar dokar da kanta ta bar ƙofa a buɗe. Harajin ribar kamfanoni yana nan a kashi 30 cikin 100, amma an ba Shugaban Ƙasa ikon rage shi zuwa kashi 25 bisa shawarar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnonin jihohi duka ke zaune a cikinta. Ashe ke nan wata rana za a nemi Gwamnan Jihar Kano ya faɗi ra'ayinsa a kan wannan batu da sunan jama'arsa. Ya kamata kafin ranar ta zo a auna maganar da mudun da kowa ya yarda da shi, kuma babu mudun da ya fi rayuwar mutanen karkara, kamar na Turawa a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, da maƙwabtansu na Tudun Kaya da Yammedi, da na Zarewa da Fulatan da Beli a ƙasar Rogo.

Adalci ne a fara da jin hujjar masu goyon bayan rangwamen. Suna cewa mai kuɗi ne ke gina masana'anta, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke sayen amfanin gona da yawa. Idan aka bar masa ribarsa zai faɗaɗa harka, leburori su sami aiki, manomi ya sami kasuwa, har ma a ƙarshe gwamnati ta tara fiye da abin da ta yafe. Idan kuwa aka matsa masa, sai ya kwashe jarinsa ya yi wata ƙasa. A cikin wannan magana akwai gaskiya daidai gwargwado. Tun ƙarni na 14 Malam Ibn Khaldun ya lura cewa haraji idan ya yi yawa ya kan kashe wa mutane zuciyar nema, har baitulmali ya rame. Shugaba Ronald Reagan na Amurka ma ya kafa hujja da wannan malami a shekarar 1981. Sai dai malamin yana magana ne a kan nauyin da a ke ɗora wa manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a baki ɗaya. Bai ce a sauke wa fadawa kaya a bar talakawa da nasu ba.

Abin Da Ya Faru A Ƙasashen Waje

Gani ya kori ji. An gwada wannan dabara a ƙasashe masu arziki shekara da shekaru, sakamakon kuwa yana nan a rubuce. Sa'ad da Reagan ya hau mulki a 1981, mafi girman kason harajin da attajiri ke biya a Amurka kashi 70 ne cikin 100. Ya rage shi zuwa 50, sa'an nan dokar 1986 ta kai shi 28. Tattalin arzikin ƙasar ya bunƙasa a tsakiyar shekarun nan, amma a daidai lokacin da kuɗin ruwa ke sauka, farashin man fetur kuma ya karye, karyewar da ta jefa Nijeriya cikin ƙunci. Abin da ba a samu ba shi ne cikar alkawarin cewa rangwamen zai biya kansa. Bashin da ke kan gwamnatin Amurka ya kusa ninkawa sau uku a cikin shekara takwas, har Reagan da kansa ya koma ya ƙara wasu haraji a 1982 da 1984. Bayansa Shugaba Bill Clinton ya ɗaga kason attajirai zuwa kashi 39.6 a 1993, tattalin arziki bai durƙushe ba, kafin ƙarshen mulkinsa ma gwamnati ta sami rara a kasafin kuɗinta.

A Jihar Kansas ta Amurka, Gwamna Sam Brownback ya zabge haraji a 2012, ya yafe wa dubban masu kamfanoni gaba ɗaya, yana mai alkawarin ayyuka za su yawaita. Ayyukan ba su zo yadda aka yi zato ba, aljihun jihar ya huje, aka riƙa taɓa kuɗin hanyoyi da na makarantu. A 2017 majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa ne ke da rinjaye a ciki, ta warware yawancin rangwamen ba da son ransa ba. A wannan shekara kuma Shugaba Donald Trump ya rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, masu ba shi shawara suka ce kowane gida zai ga ƙarin dala 4,000 a shekara. Jarin kamfanoni ya ɗan ƙaru, amma ƙarin albashin bai ko kusanci abin da aka faɗa ba, kuma a 2018 manyan kamfanonin ƙasar sun kashe kimanin dala miliyan dubu 800 wajen sake sayen hannun jarin kansu, abin da ya ƙara wa masu hannun jarin ƙiba.

Na Ingila ya fi saurin bayyana. Ran 23 ga watan Satumba na 2022 gwamnatin Firayim Minista Liz Truss ta ba da sanarwar soke kason kashi 45 da manyan masu samu ke biya, tare da wasu rangwamen da za a cike giɓinsu da rance. Cikin 'yan kwanaki darajar fam ta faɗi warwas, kuɗin ruwan rancen gidaje ya tashi, gwamnati ta janye maganar bayan kwana 10, ita kuma Truss ta bar gadon mulki bayan kwana 49 kacal. Abin lura shi ne, kasuwannin kuɗi, watau mutanen da aka yi abin domin su, su ne suka fara juya masa baya.

Kada a ce an zaɓo misalan da suka yi daɗi ne kawai. A shekarar 2020 wasu masana biyu a birnin Landan, David Hope da Julian Limberg, sun bi diddigin manyan rangwamen da aka yi wa attajirai a ƙasashe 18 masu arziki cikin shekara 50. Suka tarar rabon da mafi arziki ke kwasa daga dukiyar ƙasa ya ƙaru, amma ba su ga wani canji na a zo a gani ba wajen bunƙasar tattalin arziki ko ragin zaman kashe wando. Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, watau IMF, wanda babu mai zarginsa da ƙin 'yan jari hujja, shi ma ya fitar da wani bincike a 2015 mai nuna cewa idan rabon kashi 20 na sama ya ƙaru, bunƙasar ƙasa ta kan ɗan ja baya, idan kuwa na kashi 20 na ƙasa ne ya ƙaru, sai ta yi gaba.

A Dawo Gida

A Nijeriya rangwamen ba ya yawan zuwa ta hanyar rage kason harajin albashi. Ya kan zo ne ta ƙofar baya: hutun haraji ga kamfanoni, da yafe kuɗin fito a kwastan, da takardun izini na musamman. Tun zamanin Turawan mulki, a 1952, aka soma ba sababbin masana'antu hutun haraji, dokar 1971 kuma ta tabbatar da hutun shekara uku wanda a ke iya ƙarawa ya kai biyar. Kamfanin iskar gas na NLNG ya sami nasa hutun na shekara 10 ta wata doka ta daban, har ƙungiyar ActionAid ta ƙiyasta a 2016 cewa ƙasar nan ta yi asarar dala miliyan 3,300 a dalilinsa. A 2023 Mista Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran haraji na Shugaban Ƙasa, ya ce abin da a ke yafewa ya kai kimanin Naira tiriliyan 6 a shekara. Duk wannan kuwa a ƙasar da harajin da ta tara a 2021 bai cika kashi 11 cikin 100 na dukiyar da ta samar ba, ƙasa da abin da yawancin ƙasashen Afirka ke tarawa.

To, me mutumin Ƙaraye da Rogo ya gani? Dattawan wannan yanki suna tune da zamanin da a ke auna auduga da gyaɗa a kasuwanninsu, a kai auduga injin gurza, daga nan ta wuce masaƙun Kano da Kaduna. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa cike su ke da ma'aikata, da yawansu 'ya'yan manoma ne masu aiko da kuɗi gida. Duk tsawon lokacin da waɗannan masana'antu ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, dokar hutun haraji tana nan daram, ba ta kuwa cece su ba. Abin da ya kashe su sananne ne: rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da faɗuwar darajar Naira bayan shirin SAP na 1986, da atamfofin fasa ƙwauri da suka cika Kantin Kwari. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida, manomin auduga kuma ya rasa mai saye.

A nan akwai darasin da ba ya bukatar digiri kafin a gane shi. Harajin riba, wanda ya ci riba ne ke biyansa. Kamfanin da ke tafka asara saboda kuɗin man janareta ba shi da ribar da za a yafe masa haraji a kanta. Saboda haka rangwamen ba ya tayar da wanda ya faɗi, sai dai ya ƙara wa wanda ya riga ya miƙe. Mai jarin da ke tunanin kafa injin casar shinkafa ko na matse man waken suya a Ƙaraye, abin da zai fara tambaya shi ne ko akwai wuta, ko hanya na biyuwa da damina, ko akwai tsaro, ko zai sami yaran da suka iya karatu da lissafi. Duk waɗannan kuwa da kuɗin haraji a ke samar da su. Gwamnatin da ta yafe haraji domin ta jawo masu jari, sa'an nan ta rasa abin gina hanyar da za su biyo, ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

Ba za a ƙi faɗin inda aka ci nasara ba. Manufar da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ɓullo da ita a 2002 ta haɗa izinin shigo da siminti da sharaɗin gina masana'anta a gida, aka kuma haɗa da hutun haraji. An sami manyan masana'antu irin na Obajana, ƙasar nan ta daina dogara da simintin waje, mutane sun sami aiki. Sirrin abin shi ne sharaɗin da aka gindaya. Duk da haka, da ya ke kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar, a farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000, magidancin da ke son yaɓe ɗakinsa a Turawa bai ga rangwamen a farashi ba. Haka kuma shirin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a watan Janairu na 2019, inda kamfani zai gina hanya a cire masa kuɗin daga harajinsa, kamar aikin hanyar Kano zuwa Kazaure zuwa Kwangwalam da kamfanin BUA ya ɗauka. Aƙalla a nan akwai abin da ido zai gani. Amma hanyoyin da a ke zaɓa manya ne, masu amfani ga tireloli. Babu kamfanin da zai zo ya nemi hanyar ƙauye wadda ta haɗa gona da kasuwa.

Misalin abinci ya fi taɓa wannan yanki kai tsaye. A 2014 an sassauta kuɗin fiton shinkafa ga waɗanda aka ce suna zuba jari a noma da casa, shekara guda bayan haka Hukumar Kwastan ta fito tana bin wasu daga cikinsu bashin sama da Naira miliyan dubu 20 saboda sun shigo da fiye da abin da aka yarje musu. A watan Yuli na 2024 kuma, sa'ad da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, Gwamnatin Tarayya ta yafe kuɗin fiton masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150. Niyya mai kyau ce, domin jama'a na cikin yunwa. Amma ƙa'idodin da aka shimfiɗa sun sa manyan kamfanoni masu injina ne kaɗai ke iya cin moriyar abin. A 2025 farashin hatsi ya sauko, masu saye a birni suka sami sa'ida, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya kai masararsa kasuwa ya tarar kuɗin ba su rufe abin da ya kashe ba. Shi ba a yafe masa komai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda Naira Ke Kwana

Dalilin da ya sa amfanin ba ya gangarowa a fili ya ke. Idan Naira 10,000 ta ragu a hannun masunci a bakin madatsar ruwan Chalawa, ko a hannun matar da ke ƙuli-ƙuli a Rogo, kafin mako ya zagayo ta shiga hannun mai awo, da tela, da mai kemis, da ɗan acaɓa. Kuɗin na zagayawa cikin gari, kowa na lasa. Idan kuwa Naira miliyan 100 ce ta ragu a hannun attajiri, ba zai ci tuwo fiye da cikinsa ba. Zai sayi dala ya ajiye, ko fili a Abuja, ko gida a Dubai, ko ya ba gwamnati rance ta hanyar takardun baitulmali, waɗanda kuɗin ruwansu ya haura kashi 20 cikin 100 a 2024. Watau gwamnati ta yafe wa mutum kuɗi, ta dawo ta ranci kuɗin nan a hannunsa, ta kuma biya shi riba daga aljihun jama'a. Bankin Duniya ya ce a 2022 kimanin kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya wajen hidimar bashi suka tafi.

Giɓin da rangwame ya bari kuwa ba ya cika kansa. Ko dai a ci bashi, ko a rage ayyuka, ko a juya kan wanda ba shi da bakin magana. A watan Fabrairu na 2020 an ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, manomin rani mai injin ban ruwa ya ji a jikinsa tun kafin a gama jawabi. Ga kuɗin rumfa, ga kuɗin lodi, ga igiyoyin da a ke gittawa a hanya, kowace da rasidinta ko babu, tun daga ƙauye har Kasuwar Dawanau. Idan aka tara abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke biya aka auna da abin da ya ke samu, ba abin mamaki ba ne a tarar kasonsa ya fi na mai benaye a birni. Wannan kuwa a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, mafi yawansu a Arewa.

Jihar Kano tana da nata tarihin a kan rangwame, sai dai nata ta ƙasa ya faro. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU sun shafe shekaru suna kokawa da haraji da jangali, domin kuɗi ne da a ke yanka wa mutum ko ya samu ko bai samu ba, har wani ya sayar da akuyarsa ko ya gudu ci rani don tsoron wulaƙanci. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a Kano, Alhaji Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Wannan sassauci ya isa kowane gida ba tare da ɗan aike ba. Duk da haka shi ma ya bar darasi: da kuɗin fetur suka ja baya, har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, hukumomin da suka dogara da kason Legas kaɗai sun sha wuya. Kowane rangwame yana da mai biya. Abin tambaya kullum shi ne wa aka sauke wa, wa kuma aka ɗora wa. Tsarin zakka ya riga ya nuna hanya: wanda dukiyarsa ba ta kai nisabi ba babu komai a kansa, wanda ta kai kuwa babu mai ikon yafe masa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Sabuwar dokar ta yi abin yabo a wurare da dama. Wanda abin da ya ke samu bai wuce Naira 800,000 a shekara ba an ɗauke masa harajin samu, kason ƙoli kuma ya tashi daga kashi 24 zuwa 25 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. An yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, an cire VAT daga kan abinci na yau da kullum, an kuma ce manyan kamfanoni ba za su biya ƙasa da kashi 15 na ribarsu ba komai yawan rangwamen da suka tara. Tsohon hutun haraji an maye gurbinsa da wani tsari inda za a rage wa kamfani kashi 5 cikin 100 na jarin da ya zuba a zahiri, kowace shekara har shekara biyar. Hanya ce mai kyau, amma doka a takarda daban, aiki da ita daban.

Na farko, kada a yi gaggawar rage harajin kamfanoni zuwa kashi 25 sai an bayyana wa jama'a yawan kuɗin da za a rasa da inda za a cike giɓin. Wajibi ne gwamnonin Arewa, idan maganar ta zo gabansu a Majalisar Tattalin Arziki, su nemi wannan lissafi a rubuce, tun da harajin kamfanoni cikin asusun tarayya ya ke shiga, daga nan ne kuma kason Ƙaraye da Rogo ke fitowa kowane wata.

Na biyu, duk kamfanin da aka yi wa rangwame a buga sunansa, da adadin abin da aka yafe masa, da alkawarin da ya ɗauka: ma'aikata nawa, tan nawa na amfanin gona zai saya a gida, cikin wane lokaci. Wanda ya saɓa ya dawo da kuɗin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. 'Yan majalisar da ke wakiltar Ƙaraye da Rogo a Abuja da Kano suna da ikon neman waɗannan takardu, jama'arsu kuma suna da ikon tambayarsu ko sun nema.

Na uku, aikin yana kan Gwamnatin Jihar Kano. Harajin samu na mutane jihohi ke karɓarsa. Tun da an ɗauke wa ƙananan ma'aikata, abin da jihar ke samu ta wannan fuska zai ragu in ba ta juya ga masu hali ba. Kano gari ne na attajirai, masu manyan kantuna da rumbunan ajiya da gidajen haya, amma sanin kowa ne ma'aikacin da a ke yanke wa tun daga albashi shi ne ba ya tsira. Ya kamata Hukumar Tattara Haraji ta jihar ta mai da ƙarfinta wajen manya, ta bar mai tallan rake da mai tura baro su sarara, a kuma kwance igiyoyin da ke kan hanyoyin karkara.

Na huɗu, a nuna wa mai biya inda kuɗinsa suka tafi. Tun 1992 aka gama madatsar ruwan Chalawa a ƙasar Ƙaraye, ruwanta na gangarawa ya shayar da birnin Kano da gonakin kwarin Haɗeja. Hakki ne mutanen da aka tayar daga gonakin kakanninsu domin wannan ruwa su ga magudanan noman rani, da wutar lantarki, da hanyar fitar da kifi da tumatir, da asibiti mai magani, da makaranta mai malamai. Irin wannan aiki shi ke jawo mai jari da ƙafarsa, ba sai an roƙe shi ba.

Babu mai ƙin attajiri don arzikinsa. Kano da kasuwanci aka san ta, tarihin su Alhaji Alhassan Ɗantata kuma abin alfahari ne ga kowa. Attajirin da ya biya hakkin da ke kansa shi ma kansa ya yi wa, domin dukiya ba ta barci a tsakiyar mayunwata. Amma an shafe sama da shekara 70 ana gaya wa talakan ƙasar nan ya yi haƙuri, rangwamen da aka yi a sama yana nan tafe. Lokaci ya yi da duk mai neman a yafe masa haraji zai zo da lissafin abin da zai isa Turawa, a kuma riƙe shi a kan maganarsa.